Fitilun da Ke Kwana Cikin Bargo

Kun ce aikin nan ba wuya. Na ji ku jiya a bakin shago, ɗayanku yana nuna wa sauran bidiyo a waya: wani mutum a wata ƙasa ya ɗaga aisi, 'yar ƙwaƙwalwar nan ta kayan lantarki, da hantsaki, ya ajiye wani, fitila ta kama, aka sa kiɗa. To, haka ne. Cire aisi da mayar da wani, ko akuya aka ba hantsaki ta zauna a nan wata biyu za ta iya. Abin da ba a nuna muku ba shi ne abin da ke cikin aisin da aka ajiye, kuma wannan ba a ganinsa ko da wancan madubin da kuke rububi a kansa.

Ni da rediyo na fara, a wurin Malam Garba a unguwar Ali Kazaure, nan cikin Jos. Aikin farko da ya bari na taɓa rediyon wani mahauci ce, wadda duk tashar da ka murɗa sai ta kawo maka biyu a haɗe, mai wa'azi na magana mai kalangu na amsa masa. Malam Garba ya buɗe bayanta, ya nuna mini wasu 'yan gwangwanaye masu kan sukuru, ya miƙo mini sukundireban roba da ya fere da kansa daga tsohon buroshin haƙori. Ya ce in murɗa a hankali, in saurara. Na murɗa, tashoshin biyu suka ɓace tare. Bai ko ɗago kai daga shayinsa ba, ya ce, "Mayar." Na mayar, suka dawo. Duk shekarun da na yi a gabansa, kalmar da na fi ji ke nan. Kayan wancan zamanin suna da yafiya, in ka ɓata ka koma inda ka taso ka sake gwadawa.

Rediyo ta tafi, ta bar mu da tocila mai caji, fitilar sola, da 'yan batiran nan da ake yawo da su a aljihu don waya. Kayan aiki ma suka canja. Ayan ɗin da Malam Garba ke narka dalma da shi bakinsa kamar na tabarya ne, nawa na yanzu kamar allura. Na sayi injin iska mai zafi, na sayi mita mai lamba, na sayi tabarau, don aisin caji bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma in ka yi atishawa ya tafi ke nan. Shi wannan ɗan abu shi ke tsaye tsakanin wuta da batir. Shi ke cewa ga yawan wutar da za ta shiga, ga inda za a tsaya a ce batir ya cika, ga zafin da in an kai a dakata, ga sanyin da in an kai a dakata.

Tambayar da ba ku taɓa yi mini ba ita ce: wa ya gaya masa waɗannan? A cikinsa akwai wasu 'yan fis-fis, wato 'yan wayoyin da suka fi gashi siranta. A masana'anta ake sakar musu wuta, a ƙone wasu a bar wasu. Wanda aka ƙone da wanda aka bari, jerinsu shi ne umarnin. Turawa na ce masa OTP, ba na banki ba, mu a nan muna cewa an ƙona masa saiti. Duk lokacin da wuta ta zo, aisi zai farka ya duba abin da aka ƙona masa ya bi. A waya akwai babbar ƙwaƙwalwa da za ta iya ce masa yau ka yi kaza, ya yi, amma da waya ta mutu ta tashi zai koma kan na asali. A fitila kuwa babu kowa a samansa. Kamar tsagar wanzami ce, an yi ta tun kana jariri ba a tambaye ka ba, kuma babu sukundireban da zai mayar. Abin da ya fi ɓata rai, aisi biyu sai su zo da lamba ɗaya a bayansu, ƙafafu ɗaya, amma abin da aka ƙona musu daban.

A shekarar da na koyi wannan da kyau, kasuwa ta mutu murus. An yi ta kulle gari saboda rikici, mutanen da ke tsallakowa daga wancan ɓangaren na Kiristoci su kawo mini gyara suka daina zuwa, ni ma na daina zuwa wurinsu. Abin da ya riƙe ni shi ne maƙwabcina Emeka, mai shagon kayan wuta, wanda muka yi shekaru bango ɗaya ne tsakaninmu. Ya shigo da fitilun goshi masu yawa, irin masu madauri da ake ɗaurawa a kai, ya sayar wa masu haƙar kuza can bayan Bukuru. Duk wadda madaurinta ya tsinke ko makunninta ya maƙale, sai ya miƙo mini ta saman kantar shago. Fitilu ne masu kyau, ban ga abin kushewa a jikinsu ba. Ja in suna caji, kore in sun cika.

Ku da ba ku taɓa leƙa ramin kuza ba, bari in gaya muku. Bakinsa kamar na rijiya ne, a ɗaura wa mutum igiya a zura shi. In ya kai ƙasa sai ramin ya karkata gefe, ya bi da rarrafe, ya yi kwana, ya rabu biyu, ya sake rabuwa. A can ciki babu rana babu dare. Fitilar da ke goshinka ita ce hanyarka ta komawa gida.

Wata ranar Disamba da azahar wata mata ta shigo shagon nan da buhu a ka. Ta ajiye, ta gaishe ni, ta ce sunanta Kaneng, Emeka ne ya turo ta. Rumfar caji gare ta a sansanin 'yan kuza: kwanon rufi huɗu, ƙaramin janareto, katako mai soket-soket. Da yamma ma'aikata su ba ta fitilunsu, ta tayar da inji, da asuba su karɓa su shiga rami. Mijinta ya rasu, da rumfar take ciyar da 'ya'ya. Fili da janareton kuwa na wan mijinta ne, Davou, wanda shi ma ɗan rami ne, kuma babba a cikinsu.

Ta ce tun da sanyi ya kankama fitilu suka fara mutuwa da wuri. Mutum ya karɓi fitila tana kore, kafin hantsi ta dushe. Aka yi ta gunaguni. Sai ranar da ta Davou ta mutu yana can ƙuryar rami shi kaɗai. Ya juya zai fito, ya bi reshen da ba shi ba, ya yi ta rarrafe cikin duhu yana kira ba mai ji. Sai gab da magariba aka jawo shi, gwiwoyinsa babu fata. Da ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa, a gaban kowa ya nuna ta da yatsa ya ce ita ce. Wai tana kashe inji da wuri ta sayar da man. Ya ce kafin sabuwar shekara ta kwashe kayanta daga filinsa.

"Baba, Allah ya sani ban kashe inji ba," in ji ta. "Fitila ya yi kore, na gani da ido na. Yanzu ko a zumuntar mata a coci ba wanda yana zama kusa da ni. Suna cewa na so in kashe ɗan'uwan miji na saboda fetur."

Na zazzage buhun. Na buɗe ta Davou, mai jan zare a madauri, na haɗa mita, na sa caji. Ja. Wuta na shiga daidai yadda ya kamata. Na gwada ta biyu, ta uku, na bar su suka cika, suka yi kore, na kunna su suka yi ta ci har na gaji da kallo. Batir lafiya, aisi lafiya, waya lafiya. Emeka ya leƙo ta saman kantar shago yana murmushi har kunne.

"Oga Sale, I tell you! Kaya na original ne. Ba matsala a fitila."

Matar ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Baba, kenan ni ne?"

Na ce mata ni dai abin da mita ta nuna na faɗa. Ta mayar da fitilun buhu ɗaya bayan ɗaya, ta yi godiya, ta fita. Tausayinta ya kama ni, don fuskarta ba ta mai sayar da fetur a ɓoye ba ce. Amma mita ba ta karanta fuska, kuma ni a lokacin ban da wani abin da zan ba ta.

Bayan 'yan kwanaki na zo buɗe shago da sassafe, hannuwana a aljihu, hula har kunne, na same ta zaune a dakali da buhunta. A bayan motar dankali ta zo, leɓunanta sun yi fari. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce ta zauna ta sa wa fitilun ido, ta ga wani abu.

"Na kusa da janareto suna daɗewa a ja. Na bakin ƙofa kuma, kafin in juya baya sun yi kore. Na canja soket, na canja waya, duk ɗaya. Wuri ne, Baba, ba soket ba."

Na ɗauki ta Davou. Sanyinta ya ratsa mini tafin hannu kamar na ɗauki dutse daga rafi. Na haɗa mita, na sa caji. Kore nan take. Mita kuwa ba ta ko motsa ba, batirin kusan fanko ne amma babu ɗigon wutar da ke shiga. Na tsaya ina kallonta. Ranar farko da azahar aka kawo su, a shagon da injin iska ya wuni yana huci. Sai na ɗage rigar sanyi na cusa fitilar a hammata, waya na reto, na ce wa Kaneng ta ba ni labarin 'ya'yanta. Ta dube ni kamar wanda ya taɓu, amma ta fara. Ba ta gama da na biyun ba na ciro fitilar. Ta koma ja, lambobin mita suna hawa.

Aiki ba ya tabbata da gwaji ɗaya, ku riƙe wannan. Na tsallaka wurin Hajiya mai zoɓo na roƙi aron firjinta. Ta ce me zan sa. Na ce fitila. Ta ce, "Malam Sale, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, fitilar ce ke son shan iska. Na jera uku a tsakanin gorunan zoɓo, na ba su lokaci, na ciro. Duk ukun kore. Na ɗumama su, duk ukun ja. Abin ya fito fili. A jikin batirin akwai wata 'yar ƙwaya mai jin zafi da sanyi, ita ke kai wa aisi rahoto. Galibin aisin da na sani sai sanyi ya kusa daskarar da ruwa suke dakatar da caji. Waɗannan kuwa an ƙona musu su tsaya tun wajen digiri goma, sanyin da rumfar kwano a bayan Bukuru ke wucewa ba tare da ta yi sallama ba. Kuma mai ƙera fitilar launi biyu kawai ya ba ta. Ja, ina caji. Kore, ba na caji. Ko don ta cika ne, ko don ta ƙi, duk kore ne.

Emeka ya daina murmushi. Ya ɗauki waya ya yi ta aika saƙon murya can inda ya sayo kayan, da Turancin da ni da su duk ba mu gama ganewa ba. Washegari amsa ta zo. Wai aisin ragowar wani aiki ne, an ƙona su don wani kamfani mai irin batirin da ba ya son caji cikin sanyi, sai aka yi amfani da su a fitilun da za a kawo nan. Emeka na tsaye da rigar sanyi biyu da safar hannu yana maimaita mini.

"Oga Sale, ka ji su? Sun ce Africa babu sanyi."

To, a nan ne nake so ku buɗe kunne, ku masu bidiyo. Na san abin da za ku ce. Na ɗaya, a sake saitin. Ba a sakewa, fis ɗin da ya ƙone ya ƙone. Na biyu, a cire aisin a sa wani mai lamba ɗaya. Wanda ke kasuwa ba ka san me aka ƙona masa ba, wataƙila nasa ya fi wannan muni, a ce an saita shi ya cika batir fiye da ƙarfinsa. Wanda aka ƙona daidai kuwa sai an yi oda da yawa, a jira jirgi, sabuwar shekara ta zo ta wuce. Na uku, kuma na san shi za ku yi da ba na nan, a cire 'yar ƙwayar mai jin sanyi a sa resisto, wanda ba ya jin zafi ko sanyi, aisi ya riƙa jin kullum ana cikin bazara. Emeka ma ya kawo wannan shawarar. Na ce masa kunnen da ke jin sanyi shi ke jin zafi. Ka toshe shi, ranar da batir ya ɗauki zafi a caji babu mai tsayar da shi, a rumfar da ke da galan ɗin fetur a kusurwa. Ban yi ba, kuma duk wanda ya yi a shagon nan ya nemi wani ubangidan.

Tunda ba za a canja wa aisi ra'ayi ba, sai a canja masa ɗaki. Na sa kafinta ya haɗa akwati irin wanda masu kaji ke renon 'yan tsaki a ciki, da 'yan ramukan iska a sama, na ja soket-soket a ciki, na sa ƙaramin ƙwan fitila mai ɗumi a tsakiya. Ba zafi ake so ba, ɗumin jikin mutum kawai, shi ya sa na hana ta jera su a jikin janareto. Abin da ya rage a rufa wa akwatin wani abu mai kauri. Amma akwati ba zai wanke Kaneng ba, sai an wanke ta a inda aka ɓata ta.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci muka isa sansanin, ni da Emeka da akwati da kular Hajiya cike da ƙanƙara. Na daɗe ban taka wancan ɓangaren ba, su ma sun daɗe ba su ga mai irin hulata ba, aka yi ta kallon juna. Kaneng ta tayar da inji. Mutane suka taru. Davou ya zo daga baya, dogo ne ƙaƙƙarfa, yana ɗingishi, gwiwoyinsa a naɗe da tsumma. Ya tsaya nesa ya harɗe hannu.

Ban yi dogon bayani ba. Na ciro fitilarsa mai jan zare daga kula, na kunna ta kowa ya ga haskenta ya kusa mutuwa, na sa caji. Kore. Aka yi 'yar hayaniya. Na ce, "Maigida, matso." Ya matso da ƙyar. Na ce ya sa ta a hammata.

"In sa mene?"

"A hammata. Ta cikin riga."

Wani ya yi dariya, Davou ya juya ya dube shi, dariyar ta tsaya. Ya cusa fitilar. Ga babban mutum tsaye a gaban yaransa da rigar coci, waya ta fito daga hammatarsa ta tafi soket. Da na ga ya isa na ce ya ciro. Ja. Na mayar da ita kula, kore. Ya karɓa da kansa ya sake cusawa ba tare da na ce ba. Ja.

Ya daɗe yana juya ta a hannu. Ya ce, "Kenan shi ma yana jin sanyi."

Na ce ƙwarai, kuma tun daga masana'anta aka gaya masa haka, ba Kaneng ce ta gaya masa ba. Wata dattijuwa ta matsa kusa da Kaneng ta riƙe mata hannu. Kowa na jiran abin da Davou zai ce. Ya ɗaura fitilarsa a goshi da rana tsaka, ya juya ya tafi. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wannan shi ma an ƙona masa saiti.

Muka shiga kafa akwati. La'asar ta yi, iska ta fara sauka daga duwatsu. Kaneng ta kwance zanen da ta yafa ta rufa a kai, na ce mata bai isa ba, ya yi shara-shara. Ta ce bargo ɗaya gare su, yara ke rufa da shi. Muna cikin wannan sai ga Davou ya dawo da wani abu a kafaɗa. Bargo ne mai kauri, irin na sojoji, da ƙunar taba a gefe ɗaya. Ya jefa shi kan akwatin.

"Wannan ya fi kauri," in ji shi, yana kallon janareto.

Kaneng ta kira shi da sunan ɗansa ta ce, "Baban Pam, wannan na gadon ka ne. Da mene za ka kwana?"

"Ni ba fitila ba ne."

Ya tsaya kamar mai neman wani abu a aljihu. Sannan ya kwance fitilar daga goshinsa ya miƙa mata. Ya ce, "Gobe da asuba zan shiga. Kar ki sa nawa a bakin ƙofa." Ta karɓa da hannu biyu, ta sa ta a tsakiyar akwatin, ta ja bargon ta lulluɓe.

Waɗancan fitilun duk sun mutu tuntuni. Waɗanda Emeka ke kawowa yanzu, kafin ya sayar da ko ɗaya sai sun kwana a firjin Hajiya na gwada, shi ya sa kuke ganin ina sa ku jera fitilu cikin zoɓo kuna ƙunƙuni. Na yanzu ba ruwansu da sanyin Jos. Davou ya rasu bara, a kan gadonsa, ba a rami ba. Na je gaisuwa, na biya ta rumfar Kaneng, wadda yanzu bulo ce da sola a kan rufi. Da yamma ce, ma'aikata na miƙa fitilu. Na ga tana jera su a tsohon akwatin, ta ɗauko bargon, ya ƙoƙe har ana hango haske ta cikinsa. Na ce mata waɗannan ba sa buƙatar bargo, an ƙona musu saiti daidai.

Ta ce, "Na sani, Baba."

Ta ninka shi biyu, ta rufa, ta bi kusurwoyin tana cusawa ɗaya bayan ɗaya.